Doguwa da Sandar Gajere

"...Lahiya lau, in ban da gajiyar da ka ɗora mani. Ina wuni, bawana?"

"Lahiya ƙalau. Amma ki ɗan sunkuyo in ji ki, gaisuwar taki can sama take wucewa tare da shirwa."

"Kai dai miƙe tsaye ka gaida uwargijiyarka."

"Ai tsaye nike."

"Af! Gahwarta mani. Na aza tsugune kake."

Bayan la'asar ce, a wata gona da aka gama girbe geronta a bakin garin Attantane. Mainasara ya share wani ɗan fili tsakanin kututturan kara, ya shimfiɗa guntuwar darduma, yana dogare da sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai. Gajeren dattijo ne, ya ba sittin baya. Shekara talatin da takwas ya yi a Yamai yana ɗaukar wa masu wasan golf jakar sanduna, bara ya dawo gida da sanda ɗaya tak. Wadda ta tsaya a kansa kuwa Zalika ce, taubashiyarsa. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun suna yara take kiransa bawanta. Doguwa ce sambal, ko zauren gidansu sai ta duƙa take shiga. Da safe ta kai man gyaɗa kasuwar Tasawa, shi kuma ya roƙe ta ta biya tashar mota ta karɓo masa saƙon da tsohon abokin aikinsa Ɗan Malam ya aiko daga Yamai.

"Ina saƙona?" in ji Mainasara.

"Wane? Wanda na sha rana dominsa? Mai ba da saƙon har tambayata ya yi wai ko ni ce matar mai shi. Na ce a'a, ni ce mai mai shi."

Ta zaro wata baƙar leda daga kwandonta ta miƙa masa. Ya shafa bakin ledar.

"An buɗe ta."

"Kayan bawa ai na ubangijinsa ne. Na duba ko da abin kirki ciki. Shekara talatin da takwas a birni, abin da abokanka ke iya aiko maka ke nan? Ƙwan zabo shida, su ma sun ƙi hwashewa."

"Kin gwada ke nan."

"Na ƙwanƙwasa ɗaya ga ƙarhen mota. Sauran kaɗan direba ya sauke ni cikin daji."

Mainasara ya buɗe ledar. Ya ɗauko ƙwallo ɗaya, ya bi 'yan ramukan jikinta da babban yatsa, sannan ya kai ta hanci. Ta ƙarshen da ya zo da ita ta ɓace cikin geron mutane tun farkon damina, wata huɗu ke nan yana kaɗa sanda a iska kamar mai korar kaji. Ƙwallon nan ba sabuwa ba ce, an sha bugunta. Ya ji ƙanshin yashin filin nan na bayan Yamai, wanda ake jiƙawa da baƙin mai a daddaɓe saboda babu ciyawa, ya tuna sanyin safiya da ke tasowa daga kogi, da muryar Ɗan Malam yana kiransa ya zo su raba shayi kafin motocin manya su iso.

"Dubi tsoho na shinshinar ƙwai kamar tunku," in ji Zalika.

"Rashin sani ya hi dare duhu. Wagga ƙwallo da kike rainawa, manyan mutane ke bin bayanta cikin rana tsaka, da tumbinsu da komi."

"Kai kuma kana bin bayansu da jaka. Oh, Mainasara! Da anka raɗa maka suna an aza nasara za ka kawo gida, ashe kayan Nasara za ka ɗauka."

"Na ɗauka, kuma na koya masu. An yi wani Anasara dogo irinki, kamar an ɗora turmi bisa turmi har uku. Shekara biyu ƙwallonsa na kwana cikin ƙaya. Ni na gyara shi, da wanga hannu."

"Bisa kujera ka hau ka yi mashi magana?"

"Shi ya duƙo. Komi tsawon wuya, kai ne bisa."

"To ai naka kan ƙasa yake."

"Gajere ba yaro ba ne. Doguwa kuwa, ko cikin iskoki ita ce mai shanye ma mutum hannu."

Zalika ta ajiye kwandon ta yi dariya har tana dafa ƙirji. Da ta lafa ta ce, "Yi maza ka buga abin naka in gani, in samu labarin da zan ba mutanen Agadas. In na ce masu ina da bawa mai dukan ƙwai da ƙarhe, ba za su yarda ba."

Hannun Mainasara ya tsaya cikin ledar.

"Agadas?"

"Awo. Ɗan nan nawa Muddassir ya sake kira. Matar tasa tagwaye ta haihwa, hannu biyu ba su isa ba. Ya ce in rufe ɗaki in taho gaba ɗaya, na gaji da zaman ni kaɗai. Tunda ka aike ni tasha, sai na kama wuri. Jibi."

"Jibin nan?"

"Akwai wani jibin?"

Ya san ɗan nata ya daɗe yana kiranta, ya kuma san ta daɗe tana ce masa sai an yi shuka, sai an yi noma, sai an yi girbi. Ya ɗauka haka za ta yi ta ja. Ashe shi da kansa ya aike ta inda ake kama wurin mota.

Ranar da zai bar Attantane yana saurayi, a bakin rijiya ya same ta ya ce ta ba shi damina biyu. Ta ba shi. Ta uku ma ta fara, shi ko wasiƙa bai aiko ba, kullum yana cewa bari abin hannunsa ya ɗan ƙaru. Sai ta auri Halilu, mutumin kirki, dogo kamar ita, suka zauna lafiya har Allah ya karɓi abinsa shekara huɗu da suka wuce. Shi ma Mainasara ya yi aure can, matar ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aure a Doso. Tun da ya dawo ba su taɓa tada zancen rijiyar nan ba. Kullum dai da la'asar takan biyo ta gonar nan ta zage shi, ya rama, ta wuce gida. Bai san ya jingina ga wannan zagin ba sai yanzu da aka ce jibi.

Ya gyara murya. "Mutanen Agadas sun huta da sayen tsani."

"Kai kuma ka rasa mai miƙo maka abu daga bisa rumbu."

"Kin ce wasan nan ba komi ba ne?"

"Mi ke cikinsa? A aje ƙwai ƙasa a maka mashi sanda. Ni da na shekara arba'in da taɓarya a hannu?"

"Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kin ga gawon can?"

"Na gan shi. Kai ne sai an ɗaga ka."

"Bugu uku na ba ki. In ko ɗaya ta tahi miƙe ta nuhi gawo, jibi ni zan ɗauki kayanki bisa kaina har bakin mota, gari duka na kallo. In duka ukun sunka karkace dama, ki hwasa tahiya sai an gama roron wake."

Ta dube shi ta gefen ido. "Mi ya sa dama? Ba hagu ba?"

"Na san irinku."

"Kawo sandar. Ka tanadi gammo."

Ya ɗora ƙwallo a kan dardumar, ya nuna mata yadda ake riƙo, ya ja da baya. Zalika ta ɗaure zanenta tamau, ta tofa yawu a tafin hannu. Sandar ta yi mata gajarta, don haka ta matso har ƙwallon na kusa da yatsun ƙafarta. Ta ɗaga ta sama tsaye kamar za ta daka gero, ta sauke da ƙarfinta duka. Yashi ya tashi, dardumar ta yi tsalle, ƙwallon na nan inda take.

"Sannu da haƙa," in ji Mainasara. "In kin kai ruwa ki kira ni."

"Wannan ba ya ciki. Gaisawa munka yi da ita."

"Na yahe maki."

Ta sake ɗagawa. Wannan karon ta same ta. Ƙwallon ta tashi kamar abin kirki, ta nufi gawo, sai can tsakiyar hanya ta fara lanƙwasa, ta yi ta lanƙwasa har ta faɗa kusa da rumbun maƙwabcinsu Mutari. Tun ba ta sauka ba Mainasara ya ce, "Dama. Ɗaya ke nan."

"Iska ce!"

"Ko ganye bai motsa ba."

"To asiri ka yi ma ƙwan. Na gan ka kana yi mashi raɗa."

"Asirin na jikinki, tun daga ƙahwa har wuya. Mu masu ɗaukar jaka lauje muke ce ma irin wanga bugu, don haka take tahiya, kamar bakin lauje. Ciwon dogaye ne."

"Ji hassada."

"Ba hassada ba ce. Dogo in ya tsaya kan ƙwallo, ƙasa ta yi mashi nisa. Sai ya matso kusa, ya miƙe ƙiƙam, hannuwansa su tahi sama sak kamar mai zaro guga. Abin da ya hau tsaye, tsaye zai sauko. Sandar sai ta biyo ta waje ta gitta ma ƙwallon, ta yanke ta a gehe kamar ana yanka kubewa, maimakon ta tura ta daga baya. Ƙwallon da anka yanka kuwa juyawa take kamar mazari. Da hwarko ƙarhin bugu na kai ta gaba, in ya rage sai juyin ya ja ta dama."

"Kai kuma gajere fa, waliyyin Allah?"

"Ni ƙasa maƙwabciyata ce. Sandata kewaye jikina take, kwance-kwance, ta zo ma ƙwallon ta baya."

"Wato ku ba ku da aibu."

"Muna da namu. In munka cika kwantar da ita, hagu take lanƙwasawa. Amma ba a tona asirin gida gaban baƙi."

"Aje ta biyu. Yanzu na gane ta."

Ba ta gane ta ba. Haushi ya sa ta ƙara ƙarfi, ƙarfin ya ƙara wa sandar tsayuwa. Ƙwallon ko tashin kirki ba ta yi ba, ta zabura dama ta yi 'yan tsalle-tsalle ta tsaya a kan yashi, taku ashirin daga inda suke.

"Biyu," in ji Mainasara. "Waken bana ya yi yaɗo, roronsa sai an kwana ashirin."

"Rufe mani baki. Je ka ɗauko ta, aikinka ne. Ga ta can tana kallonka."

"Bar ta, akwai wasu."

"A'a. Yau ni ce Nasarar, kai ne mai jaka. Tahi!"

Ya ɗan yi jim, sannan ya tafi. Ya nufi inda ya ji ta faɗi, ya yi taku goma sha biyar, ya rage sauri. Ƙwallon fara fat a kan jan yashi, ya wuce ta gefenta kamar da taku biyu bai tsaya ba.

"Ina za ka? Tasawa?" Zalika ta ɗaga murya tana dariya. "Ka wuce ta! Kai, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne!"

Ya juyo. Ya fara laluben ƙasa da tafin ƙafa, a hankali, yana share yashi hagu da dama. Dariyar Zalika ta yanke. Ta tsaya da sanda a hannu tana kallonsa har ƙafarsa ta taɓa ƙwallon, ya duƙa ya ɗauka, ya dawo yana kaɗe ta a jikin rigarsa.

"Mainasara."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Bar wasa. Gawon can, kana ganinsa?"

"Na san inda yake. Tare munka girma."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya juya ƙwallon a hannunsa. "Ina ganin wani duhu-duhu mai tsawo. Ke ma haka nike ganinki, shi ya sa ban cika bambanta ku ba."

Ba ta yi dariya ba.

"Ka ce muna baƙi ne sunka watse, aiki ya mutu."

"Sun ragu, gaskiya ne. Amma Ɗan Malam na can yana aikinsa. Mai ɗaukar jaka, Zalika, ba don jakar ake biyansa ba. Don idonsa ne. Mutum ya buga, kai ka bi ta da ido har inda ta kwanta, ka kai shi kanta. Ni shekara biyu ina bin su da kunne ba wanda ya sani. Ran nan na kai wani bawan Allah gindin ƙaya na ce ga ta nan, ashe kashin jaki ne ya bushe ya yi hwari. Bai ce mani komi ba, mutumin kirki ne. Ni na tattara nawa-ya-nawa."

"Lokotoron asibiti mi ya ce?"

"Ya ce yana ce ta rufe idon. Wai ana kankare ta a Maraɗi."

"To mi kake jira?"

"In an kankare, sai an rufe idon, sai wani ya riƙe ka ya kawo ka gida, ya ɗiga maka magani. Ɗiyata na Doso da goyo. Ni kuwa ban son a ja ni bisa titi kamar akuyar Salla."

"Shekara guda kana nan, kullum ina wucewa ta gabanka, ba ka buɗe baki ba sai yau da na kama wurin mota. Halinka ke nan tun kana da gashi. Ba a hwahe gora ranar tahiya."

"Ban hwaɗa don ki zauna ba. Ke kinka aike ni ɗauko ƙwallo."

Daga cikin gari ana jin luguden mata, wani jaki ya yi kuka ya gaji. Zalika ta goge fuska da gefen mayafi, kamar gumi take sharewa.

"Sauran ɗaya," ta ce. "Amma ka cuce ni. Ka hwaɗa mani ciwon, ba ka hwaɗa mani maganin ba. Anasaran naka yaya ka yi da shi?"

Mainasara ya sunkuyar da kai. In ya yi shiru, ta ukun ma dama za ta tafi, ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Kwana ashirin na la'asar ke nan a hannunsa, ba tare da ya roƙi kowa ba. Sai dai ya taɓa riƙe matar nan damina biyu da magana, bai ga ya dace ya sake riƙe ta da shiru ba. Ga shi kuma duk tsawon aikinsa ba a taɓa tambayarsa gyaran bugu ya ɓoye ba. Ya tsinci karan gero ɗaya ya matso.

"Tsawo ba laihi ba ne, hanyar da sandar ke bi ce. Na ga dogayen da ke buga ta miƙe kamar an ja igiya. Ja da baya."

"Haka?"

"Ƙara. Ki ba ƙwallon hili, ba kishin wuri kuke ba. To, karya ƙugu, ki miƙa ma garin Mayahi baya. Gwiwa ta ɗan saki."

"Tsohuwa da ni za ka sa in yi tsayuwar 'yan kokowa?"

"Ba mai ganinki, ni ma ban gani." Ya naɗe baƙar ledar ya miƙa mata a bakin karan. "Sa wagga a hammatarki ta dama, ki matse. In ta hwaɗi kahin ki taɓa ƙwallon, kin koma daka. Gwiwar hannunki kada ta rabu da haƙarƙari."

"To ta ina zan ɗaga sandar?"

"Ba ɗagawa za ki yi ba. Manta da taɓarya. In kin gama wanke-wanke, ruwan da ya rage cikin tasa, yaya kike watsa shi tsakar gida?"

Ta ɗan juya jikinta baya, ta dawo da hannuwa a kwance. "Haka."

"Da hannu kike watsawa ko da ƙugu?"

"Da ƙugu mana. Wa ke watsa ruwa da hannu sai rago?"

"To shi ke nan wasan duka. Ki kai sandar bayan kahwaɗa, ba bisa kai ba. Ki kewayo da ita kamar tasar nan, ki watsa ta can wajen dama da gawon kaɗan, ita za ta nemo hanyarta. Kuma ki rage hushi, ƙwallon ba ta ci maki komi ba."

"Shekara talatin da takwas, ashe watsa ruwan wanke-wanke ka je koyo."

"Awo. Ke kuma kin shekara arba'in kina yi ba ki san sunansa ba."

Ta gwada a iska sau biyu. Na farko ledar ta faɗi, ta ɗauka tana tsaki. Na biyu sandar ta yi wani siririn fito da Mainasara ya daɗe bai ji ba. Ya durƙusa ya ɗora ƙwallon a kan darduma, ya koma gefe, ya karkata kai.

"Bismilla," in ji shi.

Ƙwas!

Ba ya bukatar ido. Bugun da aka yanka yana da ƙara mai kaushi, kamar an mari ƙwarya. Wannan kuwa a cike ya fito, a dunƙule, irin wanda a filin Yamai masu jaka kan dubi juna in sun ji shi. Ya ƙirga cikin ransa, ɗaya, biyu, uku. Sai ya jiyo wani ɗan ƙwal daga nesa, ƙwallo ta sami itace, kurciyoyi suka tashi fir daga kan gawon.

Wani daɗi ya cika masa ciki, sai kuma ya tuna da jibi.

"To, madalla. Jibi da sassahe ina ƙohwar gidanki da gammo. Ki dai rage tukwane, wuyan nawa ba shi da tsawon naki."

Zalika tana tsaye yadda bugun ya bar ta, sanda a bayan wuya, fuskarta wajen gawon. Ta daɗe haka. Sannan ta sauke sandar ta yi tsaki.

"Ta karkace."

"Mi?"

"Dama ta yi. Har ta hi na hwarko."

"Zalika, na ji ta. Gawon ta buga."

"Rumbun Mutari ta buga."

"Rumbun Mutari na kara ne, ba ya ƙwal. Kurciyoyin fa?"

"Kurciyoyin garin nan matsorata ne, ko tari ka yi sai su tashi. Kai ka gani ko ni?"

"Ke kinka gani."

"To na ce ta karkace. Wane irin malami ne kai? Ka sa tsohuwa ta turo baya cikin gona a banza. Anasaran nan ma na tabbata har yau cikin ƙaya yake."

Mainasara ya zauna a kan guntuwar dardumar.

"Wurin motar da kinka kama fa?"

"Mota ba ta ƙarewa a duniya. Muddassir ya nemi uwar matarsa ta riƙe masu kwana ashirin, ita ma jikokinta ne. Sharaɗi ya kama ni, ni kuwa ba a san ni da cin amanar bawa ba." Ta jingina masa sandar a kafaɗa. "Kuma ka wanke rigarka ta kirki. Ranar Litinin za mu Maraɗi a kankare maka idon nan. Mutum na zaune ana yi mashi ƙarya tsakar rana bai iya cewa komi, abin kunya ne ga danginmu."

"Wa ya yi mani ƙarya?"

"Wa ya sani? Duniya ta lalace."

"Kuma ke za ki ja ni bisa titi?"

"Ja? Cikin kwando zan sa ka in aza bisa kai. Ko kuɗin mota ba za a karɓa ba, sai dai na kaya."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ruwan ido, ya yi ta yi har yana tari. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na bi, uwargijiyata. Ta karkace. Duk wanda ya ce ta miƙe, makaho ne."

"Yanzu ka yi hankali."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro farin goro guda, ta ɓare shi da farce. Ta dubi ɓari biyun, ta auna su a tafin hannu, ta jefa babban a bakinta. Sannan ta duƙo, ta kamo hannunsa, ta sa masa ƙaramin a ciki ta rufe yatsunsa a kai.

"Ungo," ta ce. "Daidai tsawonka."